Birkin da Ya Saki a Bakin Dakalin Siminti

Daga:
Mai farar motar a-kori-kura da ke ajiye a harabar 'yan sanda kusa da rumbun siminti,
Gida na tara, layin bayan tashar manyan motoci.

Litinin, 17 ga Maris.

Zuwa ga:
Mai girma Babban Jami'in Binciken Lafiyar Ababen Hawa,
Ofishin Kula da Lafiyar Motoci, hawa na biyu.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: SAKIN BIRKIN ABS A MOTOCIN A-KORI-KURA, RASUWAR MUTUM ƊAYA RANAR 5 GA MARIS, DA ROƘON A BINCIKI MOTATA KAFIN ALHAMIS

Ina gaishe ka da girmamawar da ta dace da kujerarka, tare da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Shekara ashirin da biyu na yi ina buga takardu a ofis kafin in ajiye aiki, saboda haka na san yadda ake rubuta ƙorafi, na kuma san aljihun teburin da ake jefa shi. Ina roƙon kada nawa ya shiga can, domin kwana uku kacal suka rage mini.

Mutumin da motata ta kashe yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Mutumin da ke tuƙa ta mijina ne, uban 'ya'yana uku. Yana kwance a asibiti yanzu, ƙannena biyu kuma sun rantse sai sun kashe shi. Ga yadda al'amarin ya faru, daki-daki.

1. Na sayi motar sabuwa fil a hannun kamfanin dillancin motoci da ke kan babban titi, a watan Yunin bara waccan, na miƙa wa maigidana makulli yana jigilar siminti da bulo. Shekara talatin da ɗaya yana tuƙi, ko kaza bai taɓa takewa ba. Ranar 11 ga Agustan bara ya shaida mini cewa birkin ya yi masa abin da bai taɓa gani ba. In yana gudu ya taka, mota na tsayawa cak. Amma in ya rage gudu ya zo daf da tsayawa, irin tafiyar da mai keke zai wuce shi, sai abin takawar ya yi tauri, ya hau kakkarwa da gurnani a ƙarƙashin ƙafarsa, motar kuma ta ci gaba da gangarawa taku uku ko huɗu. Ba kullum yake yi ba. Sai ya yi kwana biyu lafiya lau, rana ta uku ya saki. Na ce masa tsufa ne ya fara kama masa gwiwa, ya daina ɗora wa mota. Sai da ya ɗauke ni muka yi ta gwadawa a layinmu, a karo na shida muka kifar da duron ruwan maƙwabciya ina zaune a ciki.

Makanikin unguwarmu ya yi mana bayani cewa wannan birkin zamani ne da ake kira ABS. Aikinsa shi ne ya riƙa saki yana kamawa idan taya na sulɓi a ruwa ko laka, don kada mota ta juya. Akwai 'yar na'ura a jikin kowace taya da ke sanar da shi ko tayar na sulɓi. A wannan samfurin tsatsa na cin gindin na'urar, sai ta riƙa yi masa ƙarya, shi kuma ya saki birki a kan busasshiyar ƙasa.

2. Sau uku muna mayar da motar garejin kamfanin. Ranar 19 ga Agusta suka ce haka birkin zamani yake, direba ya je ya koyi mota. Ranar 2 ga Oktoba suka wanke tayoyi, suka fesa mata turare a ciki, suka miƙo makulli. Ranar 9 ga Disamba manajan garejin da kansa, mai farar rigar da ba ta taɓa haɗuwa da baƙin mai ba, ya zagaya harabarsu a guje ya taka birki, ta tsaya, ya fito yana murmushi wai ga ta nan garau. Na ce masa a hankali ake gwada ta. Ya ce in bar maganar mota ga maza in koma in duba tukunyata.

Ba mu kaɗai ba ne. Masu irin wannan mota goma sha huɗu ne ke lodi a rumbun siminti, kuma tara daga cikinsu sun ga abin da muka gani. Ta ɗaya daga cikinsu ta matse mai gadin wani gidan mai a jikin ƙofar ƙarfe cikin watan Nuwamba, ta karya masa ƙafa biyu.

3. A nan zan faɗi laifinmu da bakina, kafin kamfani ya faɗe shi da nasa gishirin. Da muka gaji, makanikinmu ya nuna wa direbobi cewa in aka zare ɗan fiyus guda a akwatin da ke ƙarƙashin sitiyari, ABS ya mutu ke nan, mota ta koma birki irin na da, wanda in ka taka ya taku. Duka goma sha huɗun suka zare. Tun daga ranar 14 ga Disamba birkinmu bai sake saki ba ko sau ɗaya.

Sai dai da zarar an zare fiyus ɗin, wata fitila ruwan ɗorawa na kamawa a allon gaban direba, ba ta mutuwa. A wurin kowa wannan fitila alamar matsala ce, a wurinmu kuwa ita ce alamar lafiya: in tana ci, birki na hannun direba. Amma jami'anka na kan hanya, ranka ya daɗe, in suka leƙa suka gan ta sai su tsare mota rabin yini da kaya a kanta. Babu ɗayansu da ya taɓa tambayar dalilin da motoci goma sha huɗu iri ɗaya ke yawo da fitila ɗaya a kunne. Don haka direbobi suka riƙa manna baƙin salatif a kanta. Na motarmu ni na yanka shi da almakashina, ni na manna, har na daidaita gefensa da farce don kada a gane.

4. Ranar Talata, 4 ga Maris, maigidana ya kai motar garejin kamfanin domin canjin baƙin mai, kamar yadda takardar garanti ta wajabta. Baƙin mai kawai ya ce, kuma shi kaɗai aka rubuta a katin aiki, wanda kwafinsa ke manne da wannan takarda. A cikin aikin suka ga gurbin fiyus babu komai, suka cusa sabo. Ba su gaya masa ba, ba su rubuta ba. Fitilar ta mutu a ƙarƙashin salatif ɗina, inda ba mai ganin ta.

Ba zato nake yi ba. Ranar 7 ga Maris makanikinmu ya buɗe akwatin a gaban ɗan sandan da ke gadin motar, ga sabon fiyus nan yana ƙyalli. Tsohon da muka zare yana cikin gwangwanin allurai a ɗakina. Wani ma'aikacin garejin kuma ya tabbatar mini cewa umarnin manaja ne a mayar da duk fiyus ɗin da aka tarar an zare, a yi shiru. Ya roƙe ni kada in bayyana shi, yana da iyali.

5. Yayana shi ne shugaban 'yan dako na rumbun siminti, shekara ashirin da shida. Ga yadda ake lodi a wurin: mota na yin ribas a hankali zuwa wani dakalin kankare mai tsayin ƙugun mutum, ɗan dako na yi mata jagora, in ta isa sai ya bugi bodi sau biyu da tafin hannu, direba ya tsaya. Direban da yayana bai yarda da shi ba, a gefe yake tsaya masa. Wanda ya yarda da ƙafarsa, a baya yake tsaya masa, jingine da dakali, don ya sauke ƙofar bodi da zarar mota ta tsaya, a rage ɓata lokaci. Shekara da shekaru a baya yake tsaya wa mijina.

Ba zan ɓoye cewa sun yi faɗa a safiyar Laraba, 5 ga Maris ba, domin mutum arba'in sun ji. Yayana ya sa wata mota gaban tamu a layi, ya ce babu surukuta a wurin aiki. Maigidana ya fito ya zazzage masa, ya kira shi azzalumi, ya ce wallahi wata rana sai ya take shi da motar nan ya huta. Yayana ya yi dariya ya ce ya fara koyon ribas tukuna. Shekara goma sha tara ke nan suna wannan haushin, da rana kuma a kwano ɗaya ake ganin hannunsu.

Da misalin ƙarfe goma da minti ashirin layi ya zo kanmu. Yayana ya tsaya a baya kamar kullum. Ya bugi bodi sau biyu. Motar ba ta tsaya ba. Ya buga na uku. Ƙarfen bayan motar ya kama shi a mara ya haɗa shi da kankaren, shaidu suka ce sun ji ƙarar ƙashi tun daga bakin ƙofar rumbu. Bai yi ihu ba, babu numfashin yi. Ya ci gaba da bugun bodin da hannu, yana bugu jini na fita ta bakinsa da hancinsa, har hannun ya faɗi. Maigidana ya finciki birkin hannu ya sa giya ya matsa gaba, yayana ya zame ƙasa a ninke. Ya cika kafin a kai shi bakin titi. Na gan shi a ɗakin ajiye gawa. Ƙashin ƙugunsa ya niƙe, cikinsa ya fashe ta gefe, tafin hannunsa na dama kuma ya yi fari da ƙurar jikin motata.

6. Maigidana ya fito a guje zai ɗaga shi, bai kai gare shi ba. 'Yan dako suka rufe shi da katako da ƙarafan ɗaure kaya da duk abin da hannu ya samu. Sun karya masa muƙamuƙi gida biyu, haƙora bakwai suka zube a ƙasa, haƙarƙari huɗu sun karye, idonsa na hagu likita ya ce a cire rai da shi. Daga nan mutum biyu suka riƙe ƙafarsa ta dama a kan bulo, na uku ya ɗaga wani bulon sama ya sake mata, sau biyu, suna cewa ita ce ta yi aikin. Wani ya tafi neman fetur. Matar da ke sayar musu da abinci ce ta faɗa kansa ta rufe shi da jikinta, ta sha nata dukan, har magatakardan rumbu ya ja shi cikin sito ya datse ƙofa. Suna dukan ƙofar ƙarfen nan har 'yan sanda suka iso. Motar kuma suka farfasa mata gilasai da fitilu, amma Allah ya sa ba su taɓa tayoyi da akwatin fiyus ba.

Ban kawo ƙarar 'yan dako ba, ranka ya daɗe. Yayana ne ya koya wa rabinsu ɗaukar buhu, a gabansu kuma aka yi faɗan safe. Da ina wurin ban san wanda ke cikin motar ba, da ni ma na ɗauki katako.

7. Ranar Litinin, 10 ga Maris, na je wurin manajan garejin da katin aiki a hannuna. Bai ce mini Allah ya ji ƙan mamaci ba. Ya ce mai mota ta taɓa wayoyin birki da kanta, don haka garanti ya faɗi, kuma ya ji labarin direban na da jiƙaƙƙiya da mamacin. Na ɗauki ƙarfen huda takarda da ke gabansa na sauke a kan gilashin teburinsa, ya tarwatse har cinyarsa. Masu gadi suka fitar da ni ana jan mayafina. Na amsa wannan laifi, kuma a shirye nake in tsaya a kansa duk inda aka kira ni. Nadamata ɗaya, teburin na samu.

Ranar 12 ga Maris lauyan kamfanin ya rubuta wa 'yan sanda cewa za su turo motar janwe ranar Alhamis, 20 ga Maris, su ɗauki motata su bincika a garejinsu, 'yan sanda kuma sun amince. In ta shiga garejin nan, cikin awa guda za a sauya na'urorin tayoyin huɗu, mai farar riga ya zagaya da ita a guje, ya rubuta cewa birki garau yake. Daga nan mijina ya zama mai kisan kai a takarda.

8. Ranar Alhamis, 13 ga Maris, da tsakar rana, ƙannena biyu, mai walda da mahauci, suka shigo ɗakin marasa lafiya inda mijina yake kwance, ɗan sanda na gadinsa. Mai waldan ya ɓoye guntun rodi a hannun rigarsa. Na tare ƙofa. Ƙaramin, wanda na goya a bayana har ya yi wayo, ya ɗauke ni da mari sai da na bugi bango, ya ce na zaɓi miji na sayar da jinin ɗan'uwana. Ma'aikatan jinya da mai gadi ne suka fitar da su da ƙyar. Suna fita suna faɗa da ƙarfi, kowa na ji, cewa ɗan sandan da ke bakin gadon ba zai bi shi gida ba. Asibiti kuwa sun ce ranar Juma'a, 21 ga Maris, za su sallame shi, suna bukatar gadon. An ba da belinsa, gida za a kai shi.

Mutum ɗaya ne ke riƙe da su, tsohuwarmu. Ba ta karatu, amma ta yarda da hatimin hukuma. Na je na durƙusa a gabanta ranar Asabar, karo na farko tun jana'iza, domin an hana ni zaman makoki. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Tambaya ɗaya ta yi mini, ko ya taka birkin ko bai taka ba. Ta ce in na kawo mata takardar hukuma da ke cewa birkin ne ya saki, duk ɗan da ya taɓa surukinta ba ta yafe masa nononta ba. In kuma Juma'a ta yi babu takarda, ta ce ita tsohuwa ce, ba ta da ƙarfin riƙe maza biyu. Ta juya fuskarta bango, na tashi na fito.

9. Ranar 16 ga Janairu mu goma sha huɗu muka kawo wa ofishinka takarda a kan wannan birki. Hatimin karɓa na ofishinka na kan kwafin da na haɗa. Wata biyu ke nan ba amsa. Ban faɗi haka don in ci mutuncin kujerarka ba, na faɗa ne don yayana yana da rai a ranar da aka buga wannan hatimin. Sauran motoci goma sha ukun na nan suna ribas a dakalin nan kullum, biyar daga ciki kuma lokacin canjin baƙin mansu ya yi. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na sa sun ɓare salatif ɗinsu, abin da hannuna zai iya ke nan.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon abubuwa kamar haka. Na farko, ka ba da umarni a rubuce, yau ko gobe, cewa kada kowa ya motsa motata daga harabar 'yan sanda, musamman kamfanin. Na biyu, ka turo injiniyan ofishinka ranar Laraba ya cire na'urorin tayoyin ya duba da idonsa, bayan ya gwada motar a hankali, da ribas, a bakin wannan dakalin, ba sau ɗaya ba, sau talatin in ta kama, domin na faɗa cewa ba kullum yake saki ba. A yi a gaban 'yan dako da ƙannena. Na uku, a ba ni sakamakon da hatimi da sa hannunka kafin safiyar Juma'a. Na huɗu, a tilasta wa kamfanin ya janye duk wannan samfurin ya gyara, a kuma tambayi manajan dalilin umarninsa. In akwai hukuncin zare fiyus da manna salatif, ni za a yi wa, ga ni.

Akwai abu na ƙarshe, wanda bai kamata ya shiga takardar ofis ba, amma ba ni da wanda zan gaya wa. An ɗaure muƙamuƙin maigidana da waya, ba ya magana. Jiya ya nemi biro, ya rubuta a bayan takardar magani cewa ya taka, ya taka da ƙafa biyu. A ƙasa ya rubuta ko na yarda. Na ce masa na yarda. Ranka ya daɗe, rabin gaskiya na faɗa masa. Na san birkin nan, na ji gurnaninsa da kunnena. Amma na san zuciyar mijina in ta tashi, kuma ba na cikin motar. Sau goma a rana ina wanke shi a raina, sau ɗaya kuma sai in ga hannun yayana yana bugun bodi.

Duk abin da injiniyanka ya gano, a rubuta shi yadda yake, kada a sassauta don ni. In birkin lafiya yake, ni da kaina zan kai mijina gaban alƙali, in roƙi a tsare shi inda ƙannena ba za su kai gare shi ba. In birkin ne, in kai wa tsohuwa takardarta. Ranar Juma'a za a miƙo mini mutumin nan a kan keken marasa lafiya. Ni zan ɗaga shi, ni zan ba shi abinci ta bututu, ni zan kwance bandejin ƙafarsa ta dama safe da yamma. Ina roƙonka ka taimake ni in san ƙafar da nake wankewa.

Allah ya ƙara wa kujerarka daraja, ya ba ka ikon yin adalci cikin lokaci. Ina jiran amsarka a benci na bakin ofishinka, daga ƙarfe takwas na safiyar gobe.

Taka cikin ladabi da biyayya,

Sa hannu:
Mai motar, matar direban, ƙanwar mamacin.

Abin da ke haɗe: kwafin katin aiki na 4 ga Maris, kwafin takardarmu ta 16 ga Janairu, rahoton likita guda biyu, sa hannun masu motoci goma sha uku.